Ciwon Mantuwa da Maganin "Tsatsar Ƙwaƙwalwa": Me Awon Jini Ke Iya Faɗa Mana?

A hutun Babbar Sallar da ta wuce na je gida Gezawa, ko zama ban gama yi ba Kawu ya miƙo min wata kwalba mai ƙyalli. Ya ce, "Kai da kake karatun kimiyya, duba mana wannan. Mai maganin ya ce yana wanke tsatsar ƙwaƙwalwa, wai kuma bincike ya tabbatar."

Don Kaka aka saya. Shekara uku ke nan tana fama da abin da mutanenmu ke kira gigin tsufa, likitoci kuma suke kira ciwon mantuwa. Takan ɗora tukunya ta manta, takan yi sallar la'asar ta sake yi, wani lokaci ta kira jikanta da sunan mijinta da ya daɗe da rasuwa. Likita a birni ya rubuta mata donepezil da maganin hawan jini. Da kwalbar nan ta shigo gidan, kuɗi bai isa duka ukun ba, sai aka ajiye na hawan jinin har wata biyu. Akuya guda aka sayar aka sayi kwalbar.

"Binciken" da mai maganin ya turo wa Kawu a WhatsApp taƙaitaccen bayanin wata takarda ce ta ilimi. An ɗebi jinin masu ciwon mantuwa da ke shan magani, an ɗebi na masu lafiya, an ga alamun tsatsa da lalacewar DNA sun fi yawa a wajen marasa lafiyar, sai aka rufe da cewa ya kamata a riƙa haɗa musu da antioksidan. Irin wannan takarda suna da yawa a mujallun duniya, kuma ni kaina irin awon da suke yi nake yi a ɗakin gwaji. Saboda haka, mai karatu, sukar da zan yi ta haɗa da gidanmu. Jimlar ƙarshen nan ta "a ba su antioksidan" ta fi ƙarfin hujjar da ke ɗauke da ita, kuma gidaje irin namu ne ke biyan kuɗinta.

Wace tsatsa ake nufi?

Ka ɗauki kowace ƙwayar jikinka a matsayin ɗakin girki. A cikinta akwai ƙananan murahu da ake kira mitokondiriya, inda ake ƙona abinci da iskar oksijin a samu ƙarfi. Murhu ba ya rasa tartsatsi. Tartsatsin nan wasu sinadarai ne masu zafin nama, da duk abin da suka taɓa sai sun ɓata shi: kitsen da ya yi wa ƙwayar bango, furotin, har da DNA, wato kundin umarnin da ƙwayar ke aiki da shi. Jiki yana da masu kashe tartsatsin, wasu shi yake ƙera su, wasu daga abinci suke zuwa, kamar bitamin C da bitamin E. Su ake kira antioksidan. Idan tartsatsi ya rinjayi masu kashe shi, an samu abin da nake kira tsatsar jiki, don kusan aikin da oksijin ke yi wa fartanyar da aka bari a damina ke nan. Denham Harman ne ya fara danganta wannan da tsufa a 1956, Helmut Sies kuma ya ba abin sunansa na ilimi a 1985.

Ƙwaƙwalwa ta fi sauran gaɓɓai shiga wannan haɗari. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana shan kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin ɗin da jiki ke amfani da shi. Cike take da kitse mai saurin lalacewa, kuma yawancin ƙwayoyinta idan sun mutu ba a maye gurbinsu.

Bari in ba wa masu wannan bincike haƙƙinsu tun yanzu. Ruwa ba ya tsami banza. A 1994 Patrizia Mecocci da abokan aikinta sun nuna cewa DNA ɗin mitokondiriya a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da cutar Alzheimer ya fi na sauran mutane lalacewa. A 2001 Akihiko Nunomura da tawagarsa sun ga ɓarnar ta fi yawa a farkon cutar, tana raguwa yayin da cutar ke yin nisa. Tsatsar tana nan, babu gardama. Gardamar ita ce me za a iya ginawa a kanta.

Wa aka kwatanta da wa?

Yawancin takardun nan sau ɗaya suke ɗibar jini, su kwatanta rukuni biyu. Rukunin farko marasa lafiya ne masu shan magani, na biyu masu lafiya ne da ba sa sha. To ka ga rukunan sun bambanta ta fuska biyu a lokaci guda, cuta da magani. Idan lamba ta yi sama, cutar ce ta ɗaga ta ko maganin? Ko kuwa maganin ya ma rage ta ne, da babu shi da ta fi haka? Tsarin binciken ba zai iya rarrabewa ba. Kamar ka auna hatsin gonar da aka zuba wa taki a shekarar fari, ka kwatanta da na gonar da ba a zuba wa ba a shekarar da ruwa ya wadata, sannan ka yanke wa takin hukunci.

Kalmar "magani" ma a dunƙule take. Donepezil, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1996, da rivastigmine da galantamine, suna hana rushewar wani sinadarin isar da saƙo a ƙwaƙwalwa mai suna asetilkolin. Memantine, wanda aka amince da shi a can a 2003, wata hanya daban yake bi. Ga kuma magungunan kwantar da hankali irin su haloperidol da risperidone da akan ba tsohon da ya cika fita cikin dare ko faɗa. Ga na hawan jini da na suga. Zuba waɗannan duka a kwando ɗaya a kira su "masu shan magani" ba ya gaya maka komai game da ko ɗaya daga cikinsu.

Akwai kuma batun wane ne ya zo da wane. Mai ciwon mantuwa yakan manta da cin abinci, yakan rame, yakan daina fita. Donepezil kansa yana iya kawo tashin zuciya, gudawa da raguwar cin abinci. Wanda ba ya ci sosai dole bitamin ɗin jininsa ya yi ƙasa. Ke nan ƙarancin antioksidan na iya zama abin da cutar ta haifar, alhali takardar tana nuna shi kamar shi ne ya haifar da ita.

Yanzu kawo wannan tsari Gezawa ka gani. Tsohuwar da ta yi shekara 50 tana girki da itace da kara a ɗakin da ba taga, hayaƙin nan kaɗai ya isa ya ɗaga alamun tsatsa a jininta. Manomin da ke feshin maganin ƙwari ba safar hannu ba abin rufe hanci, an sha nuna cewa irinsa suna da ƙarin karyewar DNA a fararen ƙwayoyin jini. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga lambobin. Taba da ciwon suga haka. Ga rafin Jakara da na Getsi, waɗanda ke kwaso dattin birnin Kano da ruwan masana'antun Bompai zuwa madatsar Wasai da ke maƙwabtaka da mu, inda ake noman rani da kamun kifi, kuma ƙarafa irin su kuromiyom da dalma sanannu ne wajen haddasa tsatsar jiki. Idan mai bincike ya ɗebi jinin tsoho daga Jogana ko Babawa, ya kwatanta da na ma'aikacin asibiti ko ɗan rakiya mai shekara 45 da ke zaune a birni, bambancin da zai gani zai iya zama na shekaru da hayaƙi da feshi, ya kuma rubuta shi da sunan ciwon mantuwa.

Mudun da ake awo da shi

Abu uku aka fi aunawa, kuma kowanne yana da lam'a.

Na farko MDA, ragowar kitsen da ya lalace. Gwajin da aka fi yi saboda arha shi ne a haɗa jini da wani asid a dafa a zafin da ya kusa na tafasar ruwa, a auna launin ruwan hoda da ya fito. Matsalar ita ce wasu abubuwan da ke cikin jini, irin su suga, su ma suna ba da launi, kuma dafawar kanta tana ƙirƙiro sabon MDA da babu shi a jikin mutumin. Idan aka ɗauke wuta firiza ta narke ta sake daskarewa, lambar ta canja. Duk wanda ya yi aikin ɗakin gwaji a ƙasar nan ya san abin da nake faɗa.

Na biyu 8-OHdG, wato harafin DNA guda da tartsatsi ya ƙona. A ƙarshen shekarun 1990 dakunan gwajin Turai sun kafa kwamiti mai suna ESCODD don su daidaita awonsa. Da suka raba samfur iri ɗaya a tsakaninsu, sakamakon ya bambanta ninki-ba-ninki, kuma suka gano cewa DNA na iya ƙonewa a hannun mai gwaji yayin da ake ciro shi. Idan kuma a fitsari aka auna, abin da jiki ya share ya zubar ake gani. Yawan shara a bola na iya nufin gidan ya cika datti, yana kuma iya nufin masu gidan sun iya shara.

Na uku gwajin tauraro mai wutsiya, wanda Östling da Johanson suka ƙirƙiro a 1984, Singh da abokansa suka inganta a 1988. Ana sa ƙwayar jini a cikin wani abu mai kama da kamu, a ja ta da lantarki, gutsattsarin DNA su biyo baya kamar wutsiya. Tsawon wutsiya da kaurinta su ne ma'aunin ɓarna. Gwaji ne mai kyau, amma yana son jini sabo, kuma jinkirin hanya daga ƙauye zuwa ɗakin gwaji cikin zafin bazara na iya tsawaita wutsiyar.

Bayan duk wannan, jinin hannu ake aunawa, cutar kuwa a ƙwaƙwalwa take, kuma akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ba komai ke ƙetare shi ba. Farar ƙwayar jini ana sauya ta da sabuwa, ƙwayar ƙwaƙwalwar Kaka kuwa tun tana jaririya take tare da ita.

Ai an gwada, ga abin da aka gani

Za ka iya cewa, to ko da awon yana da rauni, me zai hana a ba da antioksidan ɗin a gani? An bayar, an kuma gani, ta hanyar da ta fi kowace ƙarfi: a raba marasa lafiya ta ƙuri'a, wasu su sha maganin, wasu su sha ƙwayar wofi mai kama da shi, ba mai sha ba likita babu wanda ya san wace ce wace.

Wanda ya fi dacewa da maganarmu shi ne na Douglas Galasko da abokansa, da aka buga a 2012. Mutum 78 masu cutar Alzheimer, mako 16. Wani rukuni ya sha haɗin bitamin E da bitamin C da wani antioksidan mai suna alfa-lipoyik asid. Ba su tsaya a jinin hannu ba, ruwan laka suka ɗiba, wanda ke zagaye ƙwaƙwalwa. Alamar tsatsa ta ragu da kusan kashi 19 cikin 100 a rukunin nan. Amma a gwajin tunani, wannan rukunin ne ya fi saurin komawa baya. Mutanen kaɗan ne kuma lokacin gajere, don haka ba za a ce haɗin yana cutarwa tabbas ba. Abin da za a ce shi ne lambar ta sauka, hankalin bai dawo ba. Da alamar kaɗai aka auna, kamar yadda takardun da nake suka ke yi, da an yi shelar nasara.

Sauran manyan gwaje-gwajen ma ba su ba da abin da ake fata ba. Na Ronald Petersen a 2005 ya bi mutum 769 masu ƙaramar mantuwa tsawon shekara uku, bitamin E bai hana su faɗawa cutar Alzheimer ba. Na ganyen ginkgo, wanda ake sayarwa a matsayin mai ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, ya ƙunshi tsofaffi 3,069 da aka bi kimanin shekara shida, aka buga a 2008, bai rage kamuwa da cutar ba. Wani mai suna PREADViSE, da aka buga a 2017, ya bi maza 7,540, bitamin E da seleniyom ba su yi rigakafi ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da shawarar shan ƙwayoyin bitamin B da E ko haɗin bitamin don rigakafin ciwon mantuwa.

Adalci ya sa in kawo biyun da suka nuna alheri. Na Mary Sano a 1997, mutum 341, ya ga bitamin E ya jinkirta kaiwa ga matakin da mutum ba ya iya kula da kansa, sai dai hakan ya bayyana ne bayan an gyara lissafi saboda rukunan ba su fara daga mataki ɗaya ba, kuma an fi samun faɗuwa da suma a masu shan maganin. Na Maurice Dysken a 2014, tsofaffin sojojin Amurka 613, kusan dukkansu maza, ya ga bitamin E ya jinkirta raguwar iya ayyukan yau da kullum da kimanin wata shida. Wannan sakamako ne na gaske. Amma makin gwajin tunani bai gyaru ba, kuma waɗanda suka sha bitamin E haɗe da memantine ba su samu wannan ribar ba, abin da ke sa mutum ya ɗan dakata. Duka gwajin biyu IU 2,000 suka bayar a rana, alhali buƙatar babban mutum ba ta wuce IU 20 da ɗoriya ba. Irin wannan yawa yana iya ƙara zubar jini, musamman ga mai shan asfirin ko warfarin, kuma wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje a 2005 ya danganta IU 400 zuwa sama a rana da ɗan ƙarin mace-mace. Shawara ce da likita zai yanke yana duban majinyacinsa. Kwalbar Kawu kuwa ko adadin abin da ke ciki ba a rubuta a jikinta ba.

Abin da ya fi mana amfani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 57 ne ke da ciwon mantuwa a 2021, sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki. A Najeriya, aikin haɗin gwiwar Ibadan da Indianapolis, wanda Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi da Hugh Hendrie suka jagoranta, ya samu kashi 2.29 cikin 100 a tsofaffin Ibadan a 1995. A nan Arewa, wani binciken likitocin Zariya da aka buga a 2011 ya duba tsofaffi 322 ya samu kashi 2.79. Mutanen Ibadan da abokansu sai da suka tsara gwajin da ya dace da wanda bai yi boko ba, don tambayar dattijon da ya sauke Alƙur'ani a allo wane wata ne na Turawa ba awon hankalinsa ba ne. Darasin da nake so mu ɗauka ke nan: a fara tabbatar da wane ne ke da cutar, kuma wace iri ce, ta Alzheimer ko ta toshewar jijiyoyin jini, kafin a ɗebi jini.

Ga 'yan'uwana masu bincike, musamman mu ɗaliban digiri na biyu da na uku, abin da ake buƙata ba ya fin ƙarfinmu. A auna mutum kafin ya fara magani, a sake aunawa bayan wata shida da shekara, shi ne ma'aunin kansa. A zaɓi abokan kwatanci sa'o'insa daga unguwarsa. A rubuta abin da ake girki da shi, da feshi, da taba, da zazzaɓi, da nauyin jiki. A raba magunguna kowanne da rukuninsa. A auna abin da iyali suka damu da shi: yana iya alwala da kansa, yana gane hanyar gida daga masallaci, mai jinyarsa tana samun barci? Idan ba a yi waɗannan ba, a tsaya inda hujja ta tsaya, a cire jimlar "a ba su antioksidan". Mu muna rubuta ta ne don takarda ta yi kyan rufewa, mai talla kuma ita kaɗai yake karantawa.

Kai kuma da ke da tsoho a gida, idan aka ce maka bincike ya tabbatar, yi tambaya uku. A jikin mutane aka gwada ko a ɓera? An raba su ta ƙuri'a da ƙwayar wofi? Lamba ce ta canja ko rayuwar majinyacin? Kwamitin mujallar Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da za a iya gyarawa, waɗanda ya ƙiyasta suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa, ciki har da hawan jini, ciwon suga, raunin ji, raunin gani, taba, gurɓatacciyar iska da kaɗaici. Babu ƙarancin ƙwayar antioksidan a jerin. Hawan jinin da ba a kula da shi ba yana kawo ƙananan shanyewar ƙwaƙwalwa da ke ƙara mantuwa, shi ya sa ajiye maganinsa don sayen kwalba ya tayar min da hankali.

Kai tsohonka asibiti a duba shi sosai, domin ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo da ciwon damuwa suna kwaikwayon ciwon mantuwa, kuma suna da magani. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau suna da likitocin wannan fanni. Tafi da duk abin da yake sha a leda, har na kemis da na gargajiya, saboda magunguna irin su Piriton da benzhexol suna toshe asetilkolin ɗin da donepezil ke ƙoƙarin ƙarawa. Magungunan kwantar da hankali kuma, tun 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu ciwon mantuwa, don haka ba abin saye a kanti ba ne. Donepezil ma ba ya warkarwa, sauƙi yake kawowa na ɗan lokaci, kuma yana iya rage bugun zuciya, a riƙa dubawa. Zogale, kuka, rama, gyaɗa, gwaba da mangwaro abinci ne masu kyau, a ba tsoho ya ci ya ƙoshi, a kuma zauna kusa da shi a tabbatar ya ci.

Da na gama yi wa Kawu bayani sai ya yi shiru, can ya ce, "To akuyar fa?" Na ce, "Kawu, akuya ta riga ta tafi, sai dai a tsare sauran." Washegari aka koma sayen maganin hawan jinin, aka kuma fitar da murhu tsakar gida. Kaka har yanzu takan kira ni da sunan mahaifina, ni kuma ina amsawa. Allah Ya ba tsofaffinmu lafiya, Ya ba masu jinyarsu haƙuri da lada.